Wa Ya Kamata Ya Ci Ƙwan?

'Yan'uwa cikin Kristi, ga tambaya a gabanmu. Idan yaro ya rame a gidan da akwai hatsi a rumbu, kaji kuma suna ƙwai a akurki, nufin Allah ne, ko kuwa alhakinmu ne?

A shekara ta 1935 wata likita, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ta sanar wa duniya wata cuta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, wato kwashiyoko, ciwon yaron da aka yaye domin an sami ƙanensa. Ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja. Ta gane ba maita ba ce, rashin abinci mai gina jiki ne. Irin wannan tamowa tana tsakaninmu har yau.

Ma'aikatan lafiya suna tara matanmu a asibiti, suna koya musu haka: nonon uwa kaɗai har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa. Bayan wannan a ci gaba da nono har shekara 2, a haɗa da kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko waken soya, da ƙwai, da zogale, da ɗan manja. Cikin yaro ƙarami ne, sai a ba shi kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini.

Amma uwa takan komo gida da wannan sani ta tarar ba ita ke da iko da rumbu ba. Mu maza mukan sayar da gyaɗa duka da kaka. Tsokar nama takan tafi akushin maigida, yaro ya sami romo. Har mukan ce ƙwai yana sa yaro sata. Ina gaskiyar wannan?

Wani zai ce, ai rai a hannun Allah yake. Hakika haka ne. Amma mu tuna, sa'ad da Ubangijinmu Yesu ya ta da 'yar Yayirus, ya umarci iyayenta su ba ta abinci. Ya yi abin da ya fi ƙarfinsu, ya bar musu abin da suke iyawa. Wanda bai sani ba, a yi masa uzuri. Mu da muka ji, ba mu da sauran hujja.

Saboda haka, dattawan ekklesiya, mu zauna mu ji koyarwan nan tare da matanmu. Mu ware mudun gyaɗa da na wake tun kafin ranar kasuwa. In an zo rabo, a fara da ƙarami. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka.