Kashi Ashirin Cikin Ɗari

A watan Disamba na shekarar 2004, ƙungiyar IFBB, wadda ke riƙe da manyan gasannin murɗa jiki na duniya, ta aika wa 'yan wasanta mata wata gajeriyar takarda mai ɗauke da sa hannun Jim Manion. Takardar ta nemi su rage tsokar jikinsu da kashi 20 cikin ɗari, wai saboda kyan gani da kuma lafiya. Kashi ashirin na me? Na nauyi ne, ko na kaurin damtse, ko na faɗin kafaɗa? Wace igiyar awo alƙali zai riƙe a ranar gasa? Ba a yi nisa cikin 2005 ba aka janye ta.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan takarda. Mai aiki zai zo ya ce a sa shafinsa ya ƙara kyau, ka tambaye shi yaya kyan yake, ya ce ai idan ya gani zai gane. Wanda ya karɓi aiki a kan wannan sharaɗi ya shiga uku, domin duk abin da ya kawo ana iya cewa ba shi ba ne. Matan da ke wannan gasa sun fi shekara arba'in suna aiki a kan sharaɗin nan, kuma mai aikin nasu mu ne, 'yan kallo.

Ga wanda bai san wasan ba, ba a ɗaga ƙarfe a kan dandamali. Ɗaga ƙarfen an yi shi shekara da shekaru a ɗakin motsa jiki, tare da awon abinci da ƙona kitse har sai fata ta manne wa tsoka. Ranar gasa mutum zai fito ne ya tsaya, ya juya, ya murɗe gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, alƙalai su ba da maki a kan girman tsoka, da daidaituwar sama da ƙasa, da yadda kowace tsoka ta fito da shatinta. Mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi tun daga ɗan ƙyallen da ake sawa za su juya baya, kuma hujjarsu a fili take. Wanda ya ƙi wasan ɗungurungum, na maza da na mata, maganarsa ɗaya ce, ba da shi muke ba. Waɗanda suka fi ba mu aikin tunani su ne masu son wasan, masu sayen tikiti da mujalla, masu bin hotuna a waya, waɗanda idan an zo kan mata sai fuska ta canza.

Ƙorafinsu sananne ne. Sun ce matan sun yi girma fiye da kima. Sun ce muƙamuƙi ya faɗaɗa, murya ta buɗe, fuska ta bushe. Sun ce alƙalanci ba shi da alƙibla, wadda ta ci bana da irin jikinta za ta faɗi baɗi. Wasu kuma sun ce tausayi ne ke hana su kallo, don sun san abin da ake sha kafin a kai haka. Waɗannan koke-koke sukan fito a baki ɗaya kamar abu guda, alhali kuwa wasunsu suna cin karo da juna.

Tarihin wasan ya nuna haka tun daga tushe. An fara gasar Ms. Olympia a Amurka a 1980, Rachel McLish ta lashe ta da jikin da a yau za a ce na mai yawan motsa jiki ne kawai. Bayan shekara uku sai ga Bev Francis daga Ostireliya, zakarar duniya a ɗaga nauyi, ta hau dandamali a Las Begas da tsokar da ba a taɓa gani a jikin mace a wannan fage ba. Fim ɗin Pumping Iron II, wanda ya fito a 1985, ya ɗauki alƙalan suna gardama a kan abin da ake nufi da kamannin mace. Carla Dunlap ta zo ta ɗaya, Francis ta zo ta takwas. Ta ji saƙon, ta koma ta rage jiki, ta yi ta zuwa ta uku. A 1990 ta zo ta biyu a bayan Lenda Murray, wadda ta zo da cikar jiki. Sai ta sake jin wani saƙon, ta dawo a 1991 da girma fiye da da, a gasar da tashar ESPN ta nuna kai tsaye, ta yi ta jan gaba, daga ƙarshe ta faɗi da maki ɗaya tak. Daga nan ba ta sake shiga gasa ba. An ce ta yi yawa ta rage, an nuna mata ta gaza ta ƙara, kuma ko sau ɗaya ba a gaya mata inda layin yake ba.

Shekara ta gaba, a gasar Ms. International ta 1992, alƙalai suka karkata ga masu sassaucin jiki. Anja Schreiner ta Jamus ta ci, Paula Bircumshaw ta Ingila, wadda ta fi ta tsoka nesa ba kusa ba, aka jefa ta ta takwas, zauren ya ɗauki ihun rashin yarda. Wannan ihu yana da amfani a gare mu, domin ya nuna 'yan kallo ba jinsi ɗaya ba ne. Waɗanda suka biya kuɗi suka zauna a zaure tsoka suka zo gani. Waɗanda masu shirya gasa ke tsoro su ne na gida, masu riƙe da rimot, da kamfanonin talla da ke bayansu. Alƙali yana zaune a tsakiya, kunne ɗaya na jin tafin zaure, ɗayan na jin lissafin kasuwa, sakamakon kuma a jikin 'yar wasa yake sauka.

Mu ɗauki ƙorafin girma tukuna. Abin da muka koya a sana'armu shi ne, na'ura tana yin abin da aka ce ta yi, ba ruwanta da abin da aka yi nufi a zuci. Idan ka gina tsari ka ce ya fifita duk abin da ya fi jan ido, to abin da ya fi jan ido zai kawo maka, ko da kai kanka za ka ji kunyar ganinsa. Gasa ma haka take. Idan aka jera mata goma aka ba wa wadda ta ɗan fi sauran tsoka kambu, sauran tara sun ga hanya, baɗi za su dawo da ƙari. A maimaita wannan sau talatin, a tashi daga McLish a isa ga Iris Kyle, wadda ta ɗauki kambun sau goma. Babu ranar da wani ya zauna ya yanke shawarar a kai nan. Kowace shekara taku ɗaya aka ƙara, kuma kowane taku da tafi aka raka shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutum ya kafa gasar tsoka, sannan ya yi fushi da wadda ta fi kowa kawo tsoka, wannan fushin ya ɓata hanya.

Maganin da aka yi wa matsalar irin wanda muke kira faci ne, a toshe ɓaraka a bar tushen cuta. Aka yi ta buɗe sababbin rukunai a dandamalin Olympia: Fitness a 1995, Figure a 2003, Bikini a 2010, Physique na mata a 2013, Wellness a 2021. Kusan kowanne an buɗe shi ne da alkawarin jiki mai sauƙin kallo. To amma dokar gasa ba ta canza ba, don haka kowane rukuni yakan fara hawa tsaninsa, har ta kai yawancin masu shiga Figure a yau sun fi zakarar 1980 murɗewa. Ana cikin haka aka cire Ms. International bayan ta 2013, aka rufe Ms. Olympia kanta bayan ta 2014. Matan da suka ba da ƙuruciyarsu ga wannan fage suka wayi gari babu babban dandamalin da suka yi wa tanadi.

Za a ce ai maza ma ana kushe su, kuma gaskiya ne. 'Yan kallo sun daɗe suna gunaguni a kan ƙattin da cikinsu ya turo gaba. Sai dai a duba yadda aka amsa wannan gunaguni. A 2016 aka buɗe wa maza rukunin Classic Physique, aka sa iyakar nauyi gwargwadon tsayin mutum. Ka hau sikeli, a auna tsayinka, ko ka shiga ko ba ka shiga ba. Rukunin ƙattin kuma aka bar shi yadda yake, da kambunsa da kuɗinsa. Namiji an ba shi lamba da zai iya dubawa a gidansa. Mace kuwa, a ƙa'idojin da aka fitar a 2000, an gaya mata za a duba fuskarta da kwalliyarta da lafiyar fatarta, kuma tsoka kada ta wuce gona da iri. Ina iyakar gonar? Alƙali ne kaɗai ya sani, shi ma sai ya gani.

Nan ne batun ya tashi daga na ɗanɗano ya koma na adalci. Duk inda ma'auni ya zama ba a rubuce ba, iko yakan tattara a hannun mai riƙe da shi, wanda ake aunawa kuma ba shi da abin kama illa neman yardarsa. A 2022 jaridar Washington Post ta buga jerin rahotannin bincike a kan wannan wasa, inda mata da dama suka ba da labarin yadda wasu masu faɗa a ji suka matsa musu su yi hotunan tsiraici, suna ganin makomarsu a gasa ta rataya a kan amsarsu. Ɗan kallon da ke kukan alƙalanci ba shi da tabbas, da ɗan kallon da ke cewa a saka wa mai kamannin mata, sau da yawa mutum ɗaya ne, bai kuma lura cewa buƙatarsa ta biyu ce ta haifi kukansa na farko ba.

Batun lafiya shi ne mafi nauyi, ba kuma za mu yi wasa da shi ba. Ƙwayoyi da alluran ƙara tsoka dangin sinadarin namiji ne. A jikin mace suna buɗe murya, su fito da gashin fuska, su zubar da na kai, su dagula al'ada, kuma wasu daga cikin waɗannan ba sa komawa ko an daina sha. Magungunan fitar da ruwa da ake sha dab da gasa don fata ta ƙara mannewa suna iya rikita gishirin jini har zuciya ta tsaya. An rasa rayuka ta wannan hanya. Wanda ya ce ba zai iya tafa wa abin da ke cin mutum ba, ya faɗi magana mai daraja. Amma mu gwada tausayin namu mu ga ko tsakani da Allah ne. Dallas McCarver ya mutu a 2017 yana da shekara 26. Shawn Rhoden, wanda ya ci Mr. Olympia a 2018, ya mutu a 2021 yana da 46. An yi juyayi, an rubuta ta'aziyya, ba wanda ya rufe gasar maza. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su WNBF da ke gwajin ƙwaya, matan da ke shiga gasarsu suna fitowa da jikin da bai kai na su Kyle ba. Cikinmu masu cewa lafiyar 'yan wasa ce ta dame mu, mutum nawa ne zai iya kawo sunan zakara ɗaya daga can? Illar da ke ɓoye a zuciya da hanta ba ta cika tayar mana da hankali ba. Wadda ta fito a fuska da murya, ta taɓa abin da idonmu ke son gani a jikin mace, ita muke kira abin tausayi.

Ba muna cewa dole ne kowa ya so abin ba. Ido yana da haƙƙinsa, kuma ba a ɗaure mutum a kai shi kallo. Wanda ya ce wannan jiki bai yi masa ba, ya kashe wayarsa, bai zalunci kowa ba. Matsalar tana farawa ne daga ɗan takun da ke tsakanin "ban so ba" da "wannan ba mace ba ce". Na farko labarin mai magana ne, na biyu hukunci ne a kan wata, kuma hukuncin da ba a ɗora shi a kan komai ba sai sabon ido. Mun taso muna ganin damtsen matan da suka shekara suna daka da surfe da ɗaukar itace, ba mu taɓa jin an ce sun fita daga mata ba, domin ƙarfin nasu yana yi wa wani hidima. Wataƙila abin da ke sosa rai a wancan dandamali shi ne ƙarfin da ba ya dafa wa kowa abinci, wanda mai shi ta tara don kanta, ta kuma fito tana so a gani.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan wasan manya ne, sun san abin da suke haɗiya, kuma masu horar da su da masu sayar musu da magani suna da nasu kason. Sai dai a cikin duk masu hannu a lamarin, ɗan kallo ne kaɗai ba ya asarar komai. Bai yi yunwar wata huɗu ba, muryarsa ba ta canza ba, idan ya gaji sai ya koma wani rukunin.

Da aka rufe Ms. Olympia, wani ɗan kasuwa mai suna Jake Wood, wanda shi kansa mai sha'awar wasan ne, ya ɗauki nauyin wata gasa, Rising Phoenix, daga 2015, ita ce ta riƙe matan a shekarun da babu kambu. A 2020 ya sayi Olympia gaba ɗayanta ya dawo da gasar mata. A watan Disamba na wannan shekara, a birnin Olando na jihar Fulorida, Andrea Shaw ta ɗauki kambun da dala 50,000. A wannan makon, a wannan taron, Mamdouh Elssbiay ɗan ƙasar Masar ya ci na maza, ya tafi da dala 400,000.