Ƙuri'ar Marasa Yawa

'Yan'uwa, kowace shekarar zaɓe mu kan ji magana ɗaya a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada: mu kaɗan ne, ina amfanin ƙuri'armu? Wani kuma ya ƙara da cewa siyasa abin duniya ce, ba ruwan mai bi da ita.

Tsoron nan ba sabo ba ne. A 1957, sa'ad da mulkin kai ya matso, ƙananan kabilun Nijeriya suka kai kuka, aka naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Henry Willink domin ya zaga ƙasa ya saurare su. Mutanen Filato da Binuwai da kudancin Zariya da yawa sun roƙi a yanka musu jiha tasu. Kwamitin bai yarda ba, amma cikin rahotonsa na 1958 ya ba da shawara a rubuta hakkin kowane mutum cikin tsarin mulki, har da 'yancin addini. Ran 12 ga Disamba 1959 aka yi babban zaɓe. Kujeru 312 ne a Majalisar Wakilai ta Ikko, 174 na Arewa. Mutum ya kan shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa cikin akwatin da ya ga dama, ko mai fartanya, ko mai tauraro, ko waninsu. Jam'iyyar NPC ta sami kujeru 134, ta kafa gwamnati tare da NCNC. Jihar da kakanninmu suka roƙa kuwa sai 1967 aka yanka Binuwai-Filato.

To, da ya ke masu yawa ne kan ci, gaskiya tana wurinsu ke nan? Ko kaɗan. Cikin 'yan leƙen ƙasa goma sha biyu da Musa ya aika, goma suka ruɗe jama'a, biyu kaɗai suka tsaya. Taro ne kuma ya zaɓi Barabbas a gaban Bilatus. Ƙidayar takardu ba ta auna gaskiya. Aikinta shi ne ta canza masu mulki ba tare da zub da jini ba, ta kuma ba sarki da talaka takarda ɗaya ɗaya, abin da ya dace da mutane waɗanda aka halitta duka cikin surar Allah. Saboda haka wanda ya ci yana da ikon mulki, amma ba shi da ikon toshe bakin wanda ya faɗi, ko ya hana shi komowa akwati wani zaɓen.

Mu tuna kuma, a zaɓen nan na 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Mata ba su samu ba sai 1976. Hajiya Gambo Sawaba, Musulma ce 'yar NEPU, ta sha ɗauri saboda wannan gwagwarmaya, matan ekklesiyarmu kuwa suna cin moriyar wahalarta.

Ga mai cewa mu kaɗan ne, tun 1979 dokar ƙasa ta ce ba mai zama shugaba sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Dole mai nema ya zo ƙofarmu. Wanda ya sayar masa da ƙuri'a saboda mudun shinkafa, Isuwa ya riga shi irin cinikin nan.

Amma ga abin da ya fi mana wuya. Akwai garuruwa inda mu ne masu yawa, Bahaushe ɗan kasuwa da Bafillace na ruga su ne 'yan kaɗan. An haifi wasunsu a nan, haka iyayensu. Ran rajista mun ba su hanya, ko mun ce baƙi ne? Idan samarinmu suka tare bakin rumfa da sanduna, dattawan ekklesiya su kan fita su kore su, ko su kan zauna gida su ce ba su gani ba? Abin da kakanninmu suka roƙa a gaban Willink, shi ne maƙwabcin nan ya ke roƙo a wurinmu yau.