Me Ka Nuna Wa Baƙin Babila?

Karatu: 2 Sarakuna 20:12-19, Nehemiya 4:7-9
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:3

Nassinmu na yau yana magana ne a kan mutumin da ya iya addu'a. A sura ta 19 Assuriyawa sun aiko wa sarki Hezekiya wasiƙar barazana, ya ɗauke ta ya shimfiɗa a gaban Ubangiji cikin Haikali, a dare ɗaya mala'ika ya hallaka sojoji 185,000. A farkon sura ta 20 ya kwanta ciwon ajali, ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15. Da a zamaninmu ne, da shaidarsa kaɗai ta cinye sujadar Lahadi guda.

Bayan wannan nasara ne baƙi suka iso daga Babila. Babu takobi a hannunsu, sai wasiƙu da kyauta daga Merodak-baladan, wai sun ji sarki ya yi jinya, sun zo yi masa sannu. Daɗi ya kama Hezekiya, ya zaga da su cikin fada yana nuna musu azurfa da zinariya da kayan ƙanshi da mai mai tsada, har ɗakin makamai bai bari ba. Da suka tafi annabi Ishaya ya shigo ya tambaye shi abu uku: abin da mutanen suka faɗa, inda suka fito, da abin da idonsu ya gani. Sarki ya amsa cewa babu abin da ya ɓoye musu. Nan take annabi ya sanar da shi cewa wata rana za a kwashe dukan waɗannan kaya a kai Babila, har da waɗansu daga cikin zuriyarsa. Fiye da shekara 100 bayan haka Nebukadnezzar ya zo ya cika maganar, kamar yadda za ka gani a sura ta 24 da ta 25. Abin da Assuriya ta kasa samu da yaƙi, Babila ta leƙa shi da gaisuwa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kai ma kana da taska, kuma tana cikin aljihunka. A cikin wayarka akwai layin da bankinka ya sani, wanda ake turo masa alat da lambar nan ta amfani sau ɗaya da ake kira OTP. Wannan layi yana haɗe da BVN ɗinka mai lamba 11, wanda Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da shi a 2014, yana kuma haɗe da NIN tun da gwamnati ta ba da umarnin haɗa su a Disambar 2020. Akwai hotunan iyalinka, da lambobin 'yan ikilisiya, da saƙon wata 'yar'uwa da ta gaya maka damuwar aurenta don ka taya ta addu'a. Kakanninmu sun tara dukiyarsu a rumbu da garke, sun kuma san wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Mu mun tattara komai cikin abin da bai fi tafin hannu ba, muna miƙa shi ga duk wanda ya ce, "Ara mini in yi kira."

Akwai ɓarawon da ke zuwa irin na Assuriya, wato mai ƙwacen waya da wuƙa a bakin titi ko cikin keke napep. In ka haɗu da irinsa, ka ba shi wayar. Ranka ya fi ta tsada, Yesu bai mutu domin waya ba. Amma ka sani waɗansunsu sim ɗin suke nema fiye da wayar. Su zare shi su sa a wata waya, su danna waɗansu lambobi su gano bankinka, kafin gari ya waye asusu ya zama kango, wani lokaci har su ci bashi da sunanka. Maganin wannan yana hannunka tun yau: ka sa wa sim ɗinka lambar sirri tasa, daban da makullin fuskar waya. Da zarar an zare shi aka sa a wata waya, ba zai yi aiki ba sai an shigar da lambar. Kuskure uku yana rufe shi, sai da lambar PUK mai lamba 8 da ke jikin katin da sim ya zo da shi. In ba ka san yadda ake yi ba, kada ka yi ta cinka, ka je ofishin kamfanin layinka su nuna maka. Aikin minti biyar ne.

Amma baƙin Babila sun fi yawa, kuma su ne suka fi cin mutanen Allah. Suna zuwa da murya mai taushi da sallamar 'yan'uwa. Wani ya kira ka ya ce, "Salama ta Ubangiji. Daga zauren WhatsApp na cocinku nake kira. Akwai taron addu'a ta intanet yau da ƙarfe takwas, mun turo maka lamba shida, karanto mini in sa sunanka." Ka ji kalmar addu'a, zuciyarka ta buɗe. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Shi ne ya sa lambar wayarka a tasa na'urar, kamfanin ya turo maka lambar tabbatarwa, kai kuma ka karanta masa da bakinka. Cikin minti ɗaya an fitar da kai daga gidanka, shi ya zauna a ciki da hotonka da sunanka. Sai ya fara bin mutanenka ɗaya bayan ɗaya: yarona yana asibiti, taimaka mini da dubu ashirin zuwa gobe. In wayar dattijon ikilisiya ce ko ta shugabar zumuntar mata, wa zai tsaya tambaya? Daga nan ya kira na gaba a zauren, ya sake wannan wasa.

Ka riƙe wannan da kyau: babu taron addu'a a duniya da ke buƙatar lambar da aka turo wayarka. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka, ko lambobi uku na bayan kati, ko OTP. In ya faɗi sunanka cikakke da ranar haihuwarka, wannan bai zama shaidar gaskiyarsa ba. A wani wuri ya tsinto su, sauran guda ɗaya yake nema ya cike. Za ka lura kullum cikin gaggawa suke, wai za a rufe asusunka nan da awa ɗaya. Ruhu Mai Tsarki ba ya kora mutum da firgici. Ka kashe wayar, ka taka da ƙafarka zuwa banki. A cikin WhatsApp kuma akwai wurin da za ka ƙara wani makulli na biyu mai lamba shida wanda kai ka zaɓa. Ka sa shi, ka kuma taimaki iyayenmu tsofaffi su sa nasu bayan an tashi sujada.

Ga wani baƙon da ya fi ba ni haushi, domin da sunan Allah yake zuwa. Wanda ba ka taɓa gani ba ya rubuto maka a Facebook cewa shi annabi ne, ya ga wahayi a kanka, ka turo cikakken sunanka da ranar haihuwa da sunan mahaifiyarka da hotonka don ya shiga azumi. Ka tambayi kanka: Allahn da ya ƙidaya gashin kanka yana buƙatar sunan mahaifiyarka kafin ya gane ka? Waɗannan su ne irin tambayoyin da banki ke yi don ya tabbatar kai ne. Mun gaskata da annabci, muna kuma ganinsa a cikinmu, amma 1 Yohanna 4:1 ta umarce mu mu gwada ruhohi. Haka nan saƙon tallafi da ke yawo, wai gwamnati ko wata ƙungiyar waje tana raba kuɗi, latsa nan ka cika BVN, ka tura wa mutum ashirin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin ka tura irin wannan a zauren coci, ka tuna tumakin Ubangiji kake kaiwa bakin rami. Manhajojin bashin gaggawa ma haka: waɗansunsu sai sun nemi izinin shiga lambobin wayarka, ran da ka makara biya su aika wa surukanka da fastonka saƙon cin mutunci.

Ka sake duba lokacin da Hezekiya ya faɗi. Bayan warkarwa ne, lokacin da bakinsa ke cike da shaida. 2 Tarihi 32 ta ce girman kai ya shiga zuciyarsa, Allah kuma ya bar shi a batun jakadun nan don ya gwada abin da ke cikinta. Baƙi sun zo ne saboda abin al'ajabin da Allah ya yi, shi kuwa ya nuna musu zinariya. Mu mutanen shaida ne, ba kuwa za mu daina ba da ita ba. Amma me ya kai hoton alat ɗinka, da lambar asusu da ragowar kuɗin da ke ciki, kan shafin da dubban mutane ke gani? Me ya kai hoton fasfo da biza da tikitin jirgi? Ka faɗi abin da Ubangiji ya yi, ka bar takardun a cikin jaka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wani zai ce, "Mai bishara, ni na rufe wayata da jinin Yesu." Amin, ni ma ina rufe tawa. Amma da dare kana kulle ƙofar gidanka ko ba ka kullewa? Nehemiya ya fi mu sanin addu'a, duk da haka da Sanballat da Tobiya suka ƙulla makirci, ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Da aka gama garu ma ya ba da doka kada a buɗe ƙofofin birni sai rana ta yi zafi (Nehemiya 7:3). Shaiɗan ne ya ce wa Ubangijinmu ya diro daga kan Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Yesu kuwa ya kira wannan gwada Allah. Barin waya ba makulli, ko rubuta lambar sirri a bayan katin ATM, ko faɗa wa mai POS ita da baki a tsakiyar kasuwa, duk dirowa ce daga kan Haikali. Kuma lambar sirri kada ta zama 1234 ko shekarar haihuwarka. Kada ta zama 0316 don kana ƙaunar Yohanna 3:16. Ɓarayi da yawa sun yi makarantar Lahadi. In za ka kai waya gyara ko wurin caji, ka zare sim da katin ajiya. In za ka sayar ko ka yi kyauta da tsohuwa, ka goge ta gaba ɗaya tukuna. Bari in ƙara da wannan don magidanta: makulli na ɓarawo ne. In matarka ce kake tsoron ta ga abin da ke cikin wayarka, tuba kake bukata, ba sabuwar lamba ba.

Amsar da Hezekiya ya ba Ishaya tana da ban tsoro. Ya karɓi maganar, amma a ransa ya kwantar da hankali tun da a kwanakinsa za a zauna lafiya. Jikokinsa ne suka biya. Haka yake da waya. Kana iya cewa asusunka babu ko sisi, me za a sata? Za a saci sunanka a damfari gwauruwar da ta amince da kai. Za a karanta asirin wanda ya zo maka neman shawara cikin hawaye. Sakatarorin ikilisiya da ma'aji da shugabannin ƙungiyoyi, ku ne masu riƙe da sunaye da lambobi da adireshin jama'a. 1 Korintiyawa 4:2 tana neman aminci daga mai riƙon amana, kuma wannan yana ciki.

In abin ya riga ya faru, kada kunya ta rufe maka baki, domin shirunka ne ke ba ɓarawo lokaci. Ka ari waya nan take ka kira bankinka a rufe asusu da kati. Bankuna da yawa suna da gajeriyar lamba da za a danna daga kowace waya don yin haka, ka nemi ta bankinka tun yau ka rubuta a takarda a gida. Ka sa kamfanin layi ya toshe sim ɗin, ka sanar da 'yan'uwa kada kowa ya tura kuɗi da sunanka, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. In ka danna *#06# za ka ga lambar shaidar wayarka mai lamba 15, wato IMEI. Ita ma ka rubuta ka ajiye. Mu kuma ikilisiya, kada mu yi wa wanda aka damfara dariya. Malamai da 'yan kasuwa masu wayo sun faɗa wannan rami.

Saura kai saurayi da ke zaune a bencin baya, wanda wannan sana'a ce ke ciyar da kai, kana kuma kawo zakka daga ciki. Allah ba ya karɓar rabo daga hawayen gwauruwa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 tana jiranka a nan duniya, kursiyin shari'a yana jiranka a can. Afisawa 4:28 ta buɗe maka hanya: ka bar sata, ka yi aiki da hannunka har ka sami abin ba mabukaci. Basirar da kake buɗe asusun mutane da ita za ta iya tsare su. Kai ma da ke sayen waya mai tsada a kuɗin banza, babu kwali babu rasit, ba ka tambayi inda ta fito ba, ka karanta Karin Magana 29:24 kafin ka kwanta. Zakka mai karɓar haraji ya mayar ninki huɗu, ceto kuwa ya shiga gidansa a ranar. Ka zo ka sami fasto ko ɗaya daga cikin dattawa cikin makon nan.

Addu'a: Ya Uba, ka ta'azantar da 'yan'uwanmu da aka kwashe wa gumin shekaru, ka mayar musu da abin da fara ta ci. Ka kama zukatan 'ya'yanmu da suka shiga damfara, ka hana su barci har sai sun tuba. Ka ba ni ruhun rarrabewa lokacin da baƙuwar murya ta kira ni da sunanka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.