Wane Irin Mulki Ke Kawo Arziki?

Sau da yawa a kan ji gardama ta tashi tsakanin mutane a kan sha'anin mulki. Wani ya ce da Nijeriya ta tsaya a kan tsarin Firayim Minista irin na Ingila, da yanzu talaka ya ƙoshi. Wani ya ce tsarin Shugaban Ƙasa irin na Amurka shi ya dace da babbar ƙasa mai ƙabilu da yawa. To, jama'a, bari mu auna maganar nan a hankali, gama abincinmu da makarantar 'ya'yanmu suna cikinta.

A tsarin Firayim Minista, jama'a su kan zaɓi wakilai zuwa majalisa, shugaban jam'iyyar da ta fi yawan wakilai shi ke kafa gwamnati. Shi da ministocinsa duk wakilai ne, a zauren su ke zaune ana yi musu tambayoyi ido da ido. Ran da yawancin wakilai suka juya masa baya, mulkinsa ya ƙare. A ɗaya tsarin kuwa, jama'a su ke zaɓen Shugaba da kansu, su kuma zaɓi majalisa daban. An yanka masa shekaru, a Amurka da Nijeriya huɗu ne, ba a kuwa tsige shi kafin su cika sai da babban laifi.

Amfanin tsarin farko shi ne saurin gyara kuskure. A watan Satumba na 2022 gwamnatin Liz Truss a Ingila ta ce za ta rage haraji mai yawa, ta cike giɓin da bashi. Nan da nan darajar fam ta faɗi. Wakilan jam'iyyarta suka tasam mata, ta sauka ba ta cika kwana 50 a kan mulki ba. Aibinsa kuwa shi ne gwamnati ta kan zama kamar bukka a bakin iska. Daga 1946 zuwa 1958 Faransa ta yi gwamnatoci fiye da 20, minista bai gama sanin ofishinsa ba sai a ce ya tashi.

Tsarin Shugaban Ƙasa ya kan ba mai mulki lokacin da zai fara aiki ya ga ƙarshensa. Amma in aka zaɓi mugu ko rago, sai haƙuri har shekarunsa su cika. In kuma shi da majalisa suka saɓa, aiki ya kan tsaya cik. Daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019 an yi kwana 35 ma'aikatan gwamnatin Amurka wajen 800,000 ba su sami albashi ba, don Shugaba da majalisa sun kasa shiryawa a kan kasafin kuɗi.

To, wanne ne ke kawo arziki? In muka duba ƙasashen duniya, sai mu ga kowane tsari yana da mawadata da matalauta. Jamus da Japan suna bin tsarin majalisa, sun wadata, Pakistan ma tana binsa, tana fama da bashi. Amurka da Koriya ta Kudu suna da Shugaban Ƙasa, haka kuma ƙasashe da yawa da talauci ya yi wa katutu.

Mu ma nan Nijeriya mun ɗanɗana duka biyun. Da aka sami mulkin kai a 1960, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne Firayim Minista. Ba a daɗe ba, a 1962, wakilan Jihar Yamma suka yi ta jifan juna da kujeru a majalisarsu ta Badun, a Janairu 1966 kuma soja suka kifar da mulkin. Aka ce laifin tsarin ne, saboda haka a 1979 aka ɗauko irin na Amurka, Alhaji Shehu Shagari ya zama Shugaba. Kuɗin man fetur ya ragu, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka sake dawowa. An sake riga, amma mai sa rigar bai sake hali ba.

Saboda haka sai mu nemi asirin a wani wuri. A zamanin En'e, Ma'aji ba ya fid da ko kwabo daga baitulmali sai da takarda, ba ya kashe abin da ba ya cikin kiyasin shekara, kuma ya san mai binciken littattafai na nan tafe. Inda aka kiyaye wannan, an ga rijiyoyi da ɗakunan magani. Inda aka yi sakaci, kuɗin haraji da jangali sun bi ruwa. Ƙasa ma haka ta ke. Abin tambaya shi ne, mai riƙe da dukiyar jama'a ana iya tsare shi ya ba da lissafi? In ya ci amana, ana iya raba shi da kujerar ba tare da an zub da jini ba?

Dubi Norwe, mai tsarin majalisa. Ta sami man fetur a 1969, a 1990 majalisarta ta yi doka a riƙa tara kuɗinsa a asusu na musamman, ana ciro kaɗan kowace shekara, saura a bar wa jikoki. Dubi kuma Koriya ta Kudu, mai Shugaban Ƙasa. Da aka zargi Shugaba Park Geun-hye da cin amana, majalisa ta tsige ta a 2016, kotu ta tabbatar a 2017, ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Tsari daban daban, amma duka biyun doka ta fi mai mulki ƙarfi.

A ganina tsarin majalisa ya ɗan fi sauƙin kawo wannan, domin wanda ya san ana iya sauke shi gobe ya kan yi hattara yau. Amma wakilan da aka saye da kuɗi ba su tambayar kowa, ko a wane tsari su ke. Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan sabulu da gishiri, da wane baki zai tambayi wakilinsa lissafi?

Kai da ka koyi karatu da girmanka, nauyi ya hau kanka. In an buga kasafin kuɗin ƙaramar hukumarku, nemi ka karanta, ka karanta wa maƙwabcinka. In wakilinku ya zo gari, tambaye shi nawa aka ware wa rijiyar ƙauyenku, ina kuma rijiyar. Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu, amin.