Gidan Rumfa: Katanga Tsakanin Sarki da Talaka

Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya gina shi, ya taso daga gidan da ake kira Gidan Makama a yau ya tare a ciki. Faɗinsa ya kai eka 33, kewaye da doguwar katanga. Da tubali magina suka tayar da tsofaffin sorayensa, suka jera azara, suka ɗaura bakan gizo ya tallafi rufi ba tare da ginshiƙi a tsakar ɗaki ba. Mai shiga ta Ƙofar Kudu sai ya ratsa fili bayan fili, soro bayan soro, ya tuɓe takalmi, ya sassauta murya, kafin ya kai gaban sarki ya faɗi gaisuwa.

Wannan tsari yana tayar da wata tsohuwar mas'ala: shin ya halatta shugaba ya sa shamaki tsakaninsa da talakawansa? Shehu Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Rumfa, ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna, ya yi ta nanata cewa ɓuyan sarki ga jama'a shi ne tushen kowace masifa. Amma a littafin nan dai ya umarce shi da kiyaye kwarjini, domin sarkin da aka raina ba ya iya ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa.

Mas'alar ta sake tasowa bayan Jihadi. Tarihin Kano ya nuna cewa da farko 'yan'uwan Sarki Sulaimanu masu jihadi sun hana shi shiga gidan, kasancewarsa mazaunin sarakunan da suka yaƙa. Daga baya ya shiga, ganin mutanen ƙasa ba za su ɗauke shi cikakken sarki ba muddin yana waje. Ibrahim Dabo da ya gaje shi a 1819 ya zauna daram, har ake ce wa gidan Gidan Dabo.

Sorayen ba su tsaya a birni ba. Manomin Kutama mai ƙara kan gona yakan fara da mai unguwa, ya je ga dagaci, sannan hakimi a Gwarzo, kowannensu tamkar soro ne a kan hanyar Ƙofar Kudu. Idan kowane soro ya miƙa kukansa gaba, katanga ta zama ladabi da tsari. Idan wani bafade ya tare shi har sai ya ba da wani abu, to ɓuyan da Maghili ya tsoratar a kai ya tabbata, alhakin kuma yana wuyan mai gidan.