Hanya Biyu a Kurmin Ekuri: Wa Ke da Ikon Cewa "Ci Gaba"?

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, inda kuka da gawo ke tsaye ɗai-ɗai a gona, da wuya ya gane abin da ake nufi da kurmi sai ya leƙa Jihar Kuros Riba. A can ne mafi yawan abin da ya rage na tsohon kurmin Nijeriya yake. A can ne kuma wata tambaya ta taso wadda ta shafi kowane mai mulki da kowane talaka, wato: idan za a raya karkara, wa ke da ikon faɗin abin da ake kira ci gaba?

Ekuri ƙauyuka biyu ne, Tsohuwa da Sabuwa, a Ƙaramar Hukumar Akamkpa, suna riƙe da kurmi mai faɗin hekta 33,600. Can baya ba su da hanyar mota. Sai mutum ya yi sa'o'i a ƙasa da kaya a kai kafin ya isa titi. 'Yan katako suka yi musu tayi: ku ba mu itace, mu yi muku hanya. Lalle tayin yana da daɗin ji ga wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya a kafaɗa cikin laka. Amma suka ƙi. Maimakon haka sai suka sa haraji a kan masu sayen abin da kurmin ke bayarwa, kamar ganyen afang da ogbono, suka haɗa da aikin gayya, suka fasa hanyarsu da kansu. A 1992 suka kafa ƙungiyar kula da kurmin, a 2004 kuma ta sami lambar yabo ta Equator daga hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Hanya ta biyu daga sama ta zo. A 2015 Gwamna Ben Ayade ya ƙaddamar da aikin babban titi mai tsawon kilomita 260 daga wajejen Kalaba zuwa iyakar Binuwai. A Janairun 2016 gwamnati ta ba da sanarwar karɓe ƙasa kilomita 10 a kowane gefen titin. Mai karatu ya auna: titin da bai kai faɗin filin makaranta ba, me zai yi da kilomita 20?

Doka ba ta hana ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, har ta ba shi damar soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a. Sai dai dokar da kanta ta kira wannan riƙo amana. To, a nan ne nake ganin gizo ke saƙar. Mai riƙon amana ba mai dukiya ba ne, kuma ba ya yanke hukunci a bayan idon waɗanda yake riƙe wa. Mutanen da suka ƙi sayar da kurmi lokacin da suke cikin matsi, su ne aka wayi gari ba a ko shawarce su ba.

Kada a ɗauka ina ƙin titi. Mu da ke zaune a harabar jami'a, ga lantarki ga kwalta, ba mu da bakin ce wa baƙauye ya zauna cikin talauci don duniya ta shaƙi iska mai kyau. Wannan ma wani nau'in zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da ƙaunar muhalli. Mutanen Ekuri kansu hanya suka nema tun farko. Abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne, ta farko waɗanda za su ɗauki asararta su suka auna ta, ta biyu kuwa aka auna ta a ofis, aka bar musu asarar.

Da ƙorafi ya yi yawa ciki da wajen ƙasa, gwamnati ta janye sanarwar a Fabrairun 2017. Ayade ya sauka a 2023 ba a gama titin ba, alhali tun 2016 katafila ta riga ta bi ta kan gonaki da itatuwa a wasu ƙauyukan da ke kan layinsa.