Sanin Inda Jirgi Yake da Mas'alar Ƙaddara

Layin dogo na ƙasar Gana, wanda ya taso daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, bai taɓa miƙewa arewa ya kai Tamale ba, don haka ɗalibin da ke karatun tauhidi a zaurukan unguwar Sabonjida ta Tamale ya fi sanin jirgin ƙasa a cikin misali, musamman wanda ake bugawa cewa ɗan Adam yana tafiya bisa ƙaddara kamar yadda jirgi ke bin dogo. Inda ya fi dacewa a gwada ƙarfin wannan misali shi ne ƙananan jiragen kwaikwayo, irin na Miniatur Wunderland da aka buɗe a Hambog ta Jamus a 2001, domin a can mutum ne ya shimfiɗa kowane ƙarfe da hannunsa, kwamfuta kuma ita ke tuƙi.

Duk da haka maginin bai san inda jirginsa yake ba sai an faɗa masa. Ana yanka dogon kashi-kashi, kowane kashi da tasa wayar, kuma tun da injin jirgin daga ƙarfen dogo yake shan lantarki, da zarar ya shiga wani kashi na'ura za ta ji an ja wuta, ta shaida wa kwamfuta cewa wurin da jirgi, ita kuma ta tsayar da na baya. Dabarar ta samo asali daga wadda William Robinson ya yi wa rajista a Amurka a 1872 domin manyan jirage. Raunin wannan sani a fili yake: taragon da ba shi da inji ko fitila ba ya shan wuta, saboda haka idan ya tsinke ya tsaya, kwamfuta za ta ga wurin wayam ta turo wani jirgi a kansa, ƙura kaɗan a bisa ƙarfe kuma, irin wadda hunturu ke zubarwa a Tamale, ta isa ta ɓatar da jirgi sukutum daga allo alhali yana tsaye a gaban mai shi.

A nan misalin ya karye, domin sanin magini sabo ne, wato yana aukuwa bayan abin da aka sani kuma ta hanyar wani tsani, alhali sanin Allah a wurin Ahlus Sunna ba shi da farko, ba ya jiran labari. Sai dai abin wasan ya bayyana wani bambanci da almajirai kan wahala kafin su kama shi a karatun Ummul Barahin ta Imam Sanusi, wanda ya rasu a 1490: ilmi sifa ce da abu ke bayyana da ita yadda yake, ba ta tura shi, ƙudura da irada, wato iko da nufi, su ne ke da alaƙa da samarwa da keɓancewa. Na'urar da ke jin jirgi ba ita ke juya layi ba, waya daban, aiki daban. Wanda ya ce tun da an san zai yi saɓo to an tilasta shi, ya haɗe wayoyin biyu ne, ko da yake raba su bai gama da Jabariyya ba, masu cewa bawa ba shi da zaɓi, don hujjarsu mafi ƙarfi a kan irada take, kuma jirgin kwaikwayo, da ba ya nufin komai, ba shi da abin cewa game da kasabi, wato rabon bawa cikin aikinsa.